Kyamarar bidiyo marar madubi: wacce za ta jure aikin Legas, wacce kuma ta dace da aljihunka?

Ɗan ƙanwata ne ya same ni a shago a Agege bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa. Ya jera sunayen kyamarori huɗu, kowacce da farashinta a gefe, ya ce, "Kawu, wacce ta fi?" Yaron ya yi kusan shekara biyu yana riƙe mini fitila da makirfo a wajen biki, ya tara ɗan abin da ya tara, yanzu yana so ya tsaya da ƙafarsa. Ban amsa masa ba sai da na tambaye shi abu uku: me za ka riƙa ɗauka, minti nawa kyamarar za ta yi tana naɗa ba tsayawa, kuma a ina za ka tsaya da ita. Ya yi shiru. Duk bidiyon da ya kwana yana kallo na masu gwajin kyamara, babu wanda ya yi masa waɗannan tambayoyi, domin su a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu, mu kuwa a ƙarƙashin rumfar tamfol muke aiki, da rana tsaka, ga janareta yana ruri a bayanmu.

Abin da na faɗa masa shi zan shimfiɗa a nan, da ɗan ƙari.

Da farko a cire wata damuwa daga rai. Kusan duk wata kyamara marar madubi, wato irin ta zamani da ake sauya wa lans (gilashin gaba) wadda ba ta da madubin da ke cikin tsofaffin manyan kyamarori, da Sony ko Canon ko Panasonic ko Fujifilm ko Nikon suka fitar daga 2021 zuwa yau tana ba da 4K mai kyau. Idan ka haska fuskar mutum yadda ya kamata, ka ɗora hoton a Facebook ko TikTok, uwar amarya ba za ta taɓa gane ko da ta dala 700 ka ɗauka ko da ta dala 2,500 ba. Bambancin da ke raba su a wajen aiki ba kaifin hoto ba ne. Zafi ne, da kamun fokas, da batir, da ramin katin memori, da kuma ko za ka sami lans da kayan gyaranta a Ikeja ranar da ka matsu.

Zan ambaci farashi da dala, kuma farashin ranar fitowa ne, na jikin kyamara kawai ba lans. Naira ba ta zama wuri ɗaya. Tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, saboda haka duk adadin nairar da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin ka je kasuwa.

Bari in fara da zafi, domin shi ne ya taɓa kunyata ni. Shekarun baya na ari wata ƙaramar kyamara, ba zan kama sunanta ba, na je ɗaurin aure a Idi-Araba. Tun ana gaisawa na kunna ta don kada in rasa komai. Liman na fara huɗuba wata alama ta bayyana a allo, kafin waliyyi ya buɗe baki ya ce ya bayar, ta ɗauke ɗif. Na cire batir, na yi mata fifita da hulata, jama'a suna kallona. Siga ba a maimaita ta don mai kyamara. Da wayar wani abokin ango aka cike gurbin, ni kuma na rage kuɗin aikina da bakina.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sansar kyamara, wato ɓangaren cikinta da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, da na'urar da ke sarrafa hoton suna fitar da zafi, jikin kuma ƙarami ne, an toshe shi don kada ƙura da ruwa su shiga, zafin bai da hanyar fita. Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa na tsawon naɗi yawanci a yanayin digiri 23 ko 25 suke auna su. Legas kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu digiri 32 ba labari ba ne, ga danshin teku da ke sa iska ta yi nauyi. Canon R5 da R6 na farko, da suka fito a 2020, sun yi ƙaurin suna a kan wannan matsala a duniya baki ɗaya, har kamfanin ya yi ta sakin gyaran manhaja. Daga nan ne masu ƙera kyamara suka fara ɗaukar lamarin da gaske.

A cikin waɗanda zan yi bayaninsu a nan, biyu ne ke da fanka a cikin jikinsu: Sony FX30 da Panasonic Lumix S5 II. Fujifilm X-S20 tana karɓar fanka da ake ɗaura mata a baya, amma daban ake sayenta. Sauran duk dabara ake yi musu: a buɗe allon ya rabu da jiki, a ɗora laima, a sauko daga hoto 50 a daƙiƙa zuwa 25, a Sony kuma a shiga saiti a ɗaga iyakar zafin da take kashe kanta. Dabarun suna aiki, amma wanda sana'arsa tafsirin azumi ce ko wa'azi ko taron ƙungiya, inda malam zai yi awa ɗaya da rabi bai numfasa ba, fanka ba ado ba ce a wajensa.

To, mu shiga gidan Sony, tunda nan ne idon yawancin samari yake.

ZV-E10 ta farko ta fito a 2021 a kan dala 700. Fokas ɗinta na bin ido da kyau, tana da ramin makirfo da na abin kunne, kuma lans ɗinta sun cika kasuwa. Amma launinta mai zurfin 8-bit ne (zan yi bayanin wannan a gaba), ba ta da abin hana girgiza a cikin sansa, batirinta ƙaramin nan ne NP-FW50 da ba ya jimawa, kuma idan ka juya ta da sauri a 4K gine-gine suna lanƙwashewa kamar an jiƙa su. Gwada ɗauka ta tagar danfo a kan gadar Third Mainland, za ka ga turakun fitila sun kwanta. Ga mai zama gaban kyamara yana tallan shadda ko turare, wannan ba matsala ba ce. Ga mai bin amarya a guje, matsala ce.

ZV-E10 II ta 2024, dala 999, ta gyara da yawa: sansa sabuwa mai megafiksel 26, 4K har hoto 60 a daƙiƙa, launi 10-bit, da babban batir NP-FZ100. Har yanzu dai babu hana girgiza a sansa, babu tagar leƙe, ramin kati ɗaya ne. A6700 ta 2023, dala 1,399, tana da hana girgizar da tagar leƙen, fokas ɗinta kuma yana cikin mafi wayo da na taɓa gani, har mutum ya juya baya ba ta sake shi. Sai dai jikinta ƙarami ne, babu fanka, kuma masu dogon naɗi a 4K mai hoto 50 ko 60 sun sha kuka da zafinta.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: waɗannan biyun da FX30 kusan sansa ɗaya suke amfani da ita. Hoton da za su ba ka ɗan uwan juna ne. To me ya sa FX30, wadda ta riga su fitowa a 2022, take dala 1,799? Kuɗin fanka ne, da ramin kati biyu, da babbar kafar HDMI ta haɗa kyamara da allo, wadda ba ta karyewa da an taɓa waya, da ramukan ɗaura kaya a jikinta ba sai ka sayi keji ba. Idan ka ƙara dala 400 akwai mariƙi mai karɓar manyan makirfo irin na masallaci da ɗakin taro. Ramin kati biyu kuwa ma'anarsa kana naɗa a wuri biyu lokaci guda. Kati ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan. Wanda bai taɓa tsayawa gaban uban amarya yana bayanin yadda kati ya cinye bikin 'yarsa ba, ba zai san darajar wannan ba. Rauninta: ba ta da tagar leƙe, kuma ba a yi ta don hoton tsaye ba. Idan rabin kuɗin shigarka daga hoton kati da albam yake zuwa, FX30 za ta takura ka.

Akwai wata riba ta FX30 da ta shafi Legas musamman. Garin nan cibiyar fim ce da tallace-tallace, kuma manyan kyamarorin Sony, FX3 da A7S III, sun yi yawa a hannun masu aikin. FX30 tana da launukan da suke amfani da su, S-Log3 da S-Cinetone, saboda haka idan aka nemi kyamara ta biyu a wani aiki a Lekki ko Surulere, hotonka zai haɗu da nasu ba tare da mai tacewa ya zage ka ba. Yaron da ke son ya fita daga bikin unguwa ya shiga wannan kasuwa, wannan ƙofa ce.

A7 IV kuma, dala 2,499 a ƙarshen 2021, babbar sansa ce mai megafiksel 33. Ita ce ta mai cin tudu biyu, hoto da bidiyo. Tana da 10-bit, ramin kati biyu, batir mai ƙarko. Abin da ke ba ni haushi da ita shi ne idan ka hau 4K mai hoto 50 ko 60, sai ta matse, ta koma amfani da tsakiyar sansar kawai, lans ɗinka mai faɗi ya zama matsattse. Ka biya kuɗin babbar sansa, amma lokacin da kake son rage gudun hoton shigowar amarya, ƙaramar sansa kake da ita.

Tunda zancen ya zo, bari in tsaya a kan girman sansa, domin samari suna yi masa kallon kitse. Babbar sansa milimita 36 ce a 24. Ƙaramar, wadda ake kira APS-C, ba ta kai rabin faɗin filinta ba. Babbar tana tara haske fiye, saboda haka a ɗakin dina mai duhu hotonta ya fi tsabta, kuma ta fi narkar da bayan mutum. Gaskiya ne. Amma lans ɗinta sun fi tsada, sun fi nauyi, kuma narkar da baya ba kullum alheri ba ne: ka ɗauki layin ƙawayen amarya a wajen kamu, ta gaba ta fito tar, ta uku ta zama hayaƙi, gobe ita ce za ta kira ka. Ƙaramar sansa da lans mai buɗewa f/1.4, wato mai shigar da haske da yawa, irin Sigma 16mm, da fitila ɗaya mai kyau, ta fi babbar sansa da lans ɗin da aka haɗo ta da shi a kwali.

Canon fa? A nan ƙasar Canon tana da wata gata da babu mai ita: tsofaffin lans ɗinta na EF sun cika ko'ina, tun zamanin 5D da 60D da masu hoton biki suka yi shekaru suna amfani da su. Da adafta guda suna hawa sababbin kyamarorin R, fokas yana aiki lafiya lau. Lans ɗin nan 50mm f/1.8 mai arha za ka same shi tokumbo a kusan kowane shagon kyamara. Sannan mutane da yawa suna son yadda Canon ke fitar da fatar mutum kai tsaye ba tare da an taɓa ba, ni ma ina cikinsu, ko da yake wannan zancen ɗanɗano ne.

R50 ta 2023, dala 679, tana ba da 4K mai kaifi ba matsewa, amma naɗinta ba ya wuce awa ɗaya, ba ta da ramin abin kunne, ba hana girgiza a sansa. Ta koyo ce da ɗaukar gajerun bidiyo. R8, dala 1,499, ita ce mai jan hankali: babbar sansa, 4K mai hoto 60 ba tare da matsewa ba, abin da A7 IV mai tsadar dala dubu fiye da ita ba ta iya ba, ga C-Log 3. A takarda babu mai kama ta a wannan farashi. A fili kuma sai ka tarar da inda aka rage: batirinta ƙaramin LP-E17 ne irin na R50, ramin kati ɗaya, babu hana girgiza a sansa. Wanda zai yi wuni da ita sai ya cika aljihu da batura ko ya rataya fawabank. R6 Mark II, dala 2,499 a ƙarshen 2022, ita ce R8 da aka cika mata kayanta: babban batir, kati biyu, hana girgiza. Idan da mai biki ne zalla ya tambaye ni tsakaninta da A7 IV, kuma yana da tsofaffin lans na Canon a jaka, ba zan sa shi sauya gida ba. Akwai kuma R7 mai ƙaramar sansa, dala 1,499, da kati biyu da hana girgiza, wadda ake yawan mantawa da ita.

Inda Canon ke cizo shi ne sababbin lans. Kamfanin ya daɗe bai bar wasu su ƙera wa kyamarorin R lans mai fokas da kansa ba. Sai a 2024 aka buɗe wa Sigma da Tamron ƙofa, ita ma a ɓangaren ƙaramar sansa. A Sony kuwa tuntuni Sigma da Tamron da Viltrox suke zuba kaya: Sigma 18-50mm f/2.8, Tamron 17-70mm f/2.8, Tamron 28-75mm f/2.8. Wannan ne ya sa sau da yawa jikin Sony ya fi tsada amma jakar gaba ɗaya ta fi sauƙi.

Yanzu ga wadda nake ganin ta fi kowa ba da kaya a kan kuɗinta, kuma ita ce mutanenmu suka fi tsallakewa. Panasonic S5 II ta fito a Janairun 2023 a kan dala 1,999, kuma an sha karya farashinta bayan nan. Babbar sansa, fanka a ciki, naɗin 4K mai 10-bit ba iyakar lokaci, kati biyu na SD, babbar kafar HDMI, da hana girgizar da za ka yi tafiya da ita a hannu a tsakiyar kasuwar Mile 12 hoton ya fito kamar a kan gimbal, mariƙin nan mai hana kyamara girgiza, ko kusa da haka. Tana kuma iya naɗa da duk faɗin sansarta a 6K, hoto mai tsayi, wanda daga ɗauka ɗaya za ka yanka na kwance don YouTube da na tsaye don TikTok. A zamanin da kowace amarya ke son gajeren bidiyon da za ta sa a waya kafin cikakken ya fito, wannan yana rage aiki sosai. A da abin da ke korar mutane daga Panasonic fokas ne, yana numfashi, yana gaba yana baya. S5 II ce ta farko da suka sa wa irin tsarin fokas da Sony da Canon ke amfani da shi. Bai kai nasu ba a wurin cunkoso, amma ya isa aiki. Ita ma tana matsewa a 4K mai hoto 50 da 60.

To me ya hana in ce kowa ya saye ta? Kasuwa. Shiga Computer Village ka ce kana neman batirin Sony ko Canon, kafin ka rufe baki yara uku sun kawo maka. Ka ce na Lumix, sai a fara kiran waya. Lans ɗinta na tsarin L ne, wanda Panasonic da Leica da Sigma suka haɗu a kai tun 2018. Masu kyau ne, amma tokumbonsu ba su da yawa a nan, masu ba da haya ma ba kowa ke ajiye su ba. Ranar da ka so sayar da ita kuma za ka jira mai saye. Wanda yake da ɗan uwa mai zuwa Dubai ko Ingila, kuma ya san zai riƙe ta shekara huɗu ko biyar, ya saya ido rufe. Wanda yake sayen kyamara yana lissafin zai juya ta bayan shekara, ya yi tunani.

Fujifilm da Nikon ba zan daɗe a kansu ba. X-S20, dala 1,299, kyamara ce mai daɗi, launukanta suna da kyau tun daga ciki, tana da hana girgiza da 6.2K. Nikon Z6 III ta 2024, dala 2,499, tana naɗa ɗanyen bidiyo na 6K a cikinta, wato wanda kyamara ba ta sarrafa ba, kuma Nikon ta sayi kamfanin RED mai ƙera kyamarorin fim a shekarar, alamar da gaske take. Amma matsalar kasuwa da na faɗa a kan Panasonic ta shafe su su ma a ɓangaren bidiyo, kuma ɗanyen 6K ba abin da kwamfutar yawancinmu za ta iya haɗiya ba ne.

Wannan ya kawo ni kan 10-bit, kalmar da ɗan ƙanwata ya maimaita sau biyar. A 8-bit kowane launi yana da matakai 256, a 10-bit yana da 1,024. Amfaninsa yana fitowa ne inda aikinmu ya fi wuya: ango baƙi cikin farar shadda mai ƙyalli, da rana tsaka. Ka buɗe don fuska, shadda ta ƙone ta zama farar takarda, aikin zaren da ya biya kuɗi mai yawa ya ɓace. Ka rufe don shadda, fuska ta nutse. Ɗauka da Log, wato saitin da ke fitar da hoto a dushe don a gyara launinsa daga baya, a 10-bit tana ba ka damar ceto duka biyun a wajen tacewa, ba tare da sararin sama ya yi layi-layi ba. Haka ma fitilun nan shuɗi da ja na ɗakin dina. Amma da sharaɗi. Dole ka iya gyaran launi, kuma dole kwamfutarka ta iya ɗauka. Tsohuwar laftof tokumbo za ta riƙa tsalle da fayil ɗin 10-bit kamar mota a ramukan Apapa, sai ka yi ƙananan kwafi kafin ka fara aiki, ga wuta ba tabbas. Idan ba za ka gyara launi ba, kana biyan kuɗin abin da ba za ka taɓa ba.

Kar a manta da wurin ajiya. Naɗi a megabit 100 a daƙiƙa yana cin kimanin gigabait 45 a awa. Biki mai kamu da ɗaurin aure da dina, da kyamara biyu, lissafa da kanka. Katin kuma a duba alamar saurinsa, V30 ko V60, a jikinsa, a saya a wurin da za a iya komawa. Na taɓa sayen kati a bakin titi, an rubuta 128 a jiki, ya cika a ƙasa da 30, sauran fayilolin sunaye ne kawai ba komai a ciki. Araha ba ta ado.

Wani abu da ba ya cin ko kwabo amma yana lalata aikin mutane: wutar Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ba 60 irin ta Amurka ba. Kyamarar da aka shigo da ita daga can takan zo a saitin NTSC, hoto 30 ko 60. Ka shiga ɗakin taro da ita haka, fitilu su riƙa kyaftawa a hoton, ka ɗauka kyamarar ce ta lalace. Mai da ita PAL, hoto 25 da shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) 1/50, ko hoto 50 da 1/100. In ana kan janareta mai hawa da sauka, sai ka ɗan yi wasa da shatar har layin ya kwanta.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, tokumbo ba abin kunya ba ne, yawancinmu da shi muka fara. Sony A7 III ta 2018 har yau tana ciyar da gidaje: babbar sansa, kati biyu, batir mai ƙarko, ƙarfi a duhu. Sai dai 8-bit ce, allonta ba ya juyowa gaba, kuma tana yanke naɗi kafin minti 30 ya cika, saboda haka ba ta tafsiri ba ce sai in kana tsaye a kanta. A6400 ta 2019 ba ta da wannan iyaka, amma ba ramin abin kunne. Panasonic GH5 ta 2017 kuwa, ga mai kafa kyamara a kan ƙafa uku a masallaci ya saita fokas da hannu, jakin aiki ce: ba iyakar naɗi, kati biyu, 10-bit, kuma ba a san ta da zafi ba. Duhu ne kawai ba ta so, da fokas mai bin mutum. Wadda zan ce a guje mata ita ce Canon M50, duk da ta cika kasuwa kuma farashinta na da daɗi: 4K ɗinta a matse yake ƙwarai, fokas mai kyaun ba ya aiki a cikinsa, kuma kamfanin ya daina wannan layin gaba ɗaya, ba sabon lans da zai ƙara fitowa.

In za ka sayi tokumbo, kada adadin shata ya ruɗe ka, domin hoto yake ƙirgawa, ba ya nuna awannin da aka yi ana bidiyo. Zauna a shagon, sa katinka, kunna 4K, bar ta ta yi minti ashirin. Jijjiga kafar HDMI da ta makirfo a hankali. Cire lans ka haska tocilan a cikinsa, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, danshin Legas ne ya haife ta, ajiye musu kayansu. Kai ma in ka saya, samo roba mai murfi da ƙullin nan masu tsotse danshi, musamman daga Mayu zuwa Yuli. Jakar kyamara a ƙarƙashin gado a damina kabarin lans ce.

Da muka gama wannan duka, na karɓi biro na raba wa ɗan ƙanwata kuɗinsa a bayan wata takarda. Abin da ya tara, in ya zuba shi duka a jikin kyamara mai tsada, zai bar shi ba lans, ba makirfo, ba fitila. Na ce masa jikin kyamara kada ya wuce rabin kuɗin, in ya yi yawa kashi uku cikin biyar. Sauran na lans ɗaya mai f/2.8, da ƙaramin makirfo marar waya da za a maƙala wa liman ko mai gabatarwa, da batura biyu, da kati biyu, da fitila, da ƙafa uku mai nauyi. Mutanenmu za su yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma ba za su yafe maka ba in ba a ji sadakin da aka ambata ba, ko muryar malam ta nutse cikin ƙarar fanka.

Ya ce, "To Kawu, in kai ne fa?"

Na ce in ni ne, kuma dogon naɗi ne abincina, FX30 zan ɗauka da Tamron 17-70mm, saboda fanka da kati biyu da kuma kasuwar da ke bayanta. In ina da hanyar samun kaya daga waje, S5 II, don ta fi ba da kaya a kan kuɗi. In hoto da bidiyo nake haɗawa a biki, R6 Mark II ko A7 IV, gwargwadon lans ɗin da na riga na mallaka. Amma shi ba ni ba ne. Aikin da ke hannunsa yanzu gajerun bidiyo ne na masu shaguna da 'yan walima, minti biyu, minti biyar, kuma duk lans ɗin da ke jakata na Sony ne, zai iya ara. Saboda haka ZV-E10 II, da Sigma 18-50mm, ragowar ya sayi sauti da haske. Ranar da aka ba shi ɗaurin aure, ya zo ya ɗauki tawa mai kati biyu, tasa ta zama ta biyu a gefe.

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, ransa na kan babbar sansa. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce zai shiga Ikeja ranar Asabar ya taɓa su da hannunsa tukuna. Na ce ya tafi da katinsa, kuma kada ya biya sai ta yi minti ashirin tana naɗa a gabansa.